Na'ibi a Gaban Ruwa

Shekara ɗaya da wata biyu ƙanena Shodmon ya yi yana mataimakin shugaban ƙasa, kuma duk tsawon lokacin nan rabin fuskarsa kawai muke gani. Akwatin talabijin ɗaya ne a ƙauyenmu na Sangoba a wancan zamani, yana ɗakin shayi, hotonsa kullum kamar ana zuba dusar ƙanƙara a ciki. In an nuno shugaba yana saukowa daga jirgi, sai ka hango kunne ɗaya da ido ɗaya a bayan kafaɗarsa ta hagu. Maza su ɗau ihu, "Ga namu! Ga Na'ibi!" Ni kuwa ina tsaye a bakin taga da sauran mata, ina cewa a raina, ɗan matsa mana bawan Allah, ka tare mini ƙane.

Sunan Na'ibi ba a lokacin ya samo shi ba. Yana gama karatun aikin ban-ruwa aka ba shi mataimakin shugaban gonar gwamnati a can kwari. Daga nan sai mataimakin gwamnan lardi. Aka ja shi babban birni, mataimakin ministan ruwa, shekara tara cur. Sannan wannan babbar kujera, wadda bai gama ɗumama ta ba aka sake tsarin mulki, aka ce ƙasa ba ta bukatar mataimaki, aka ɗauke kujerar ɗungurungum. Muka ce to, yanzu kam zai dawo gida. Ina! Sai aka tura shi jakada wata ƙasa mai zafi a bakin teku, ya yi shekara bakwai yana cin abincin biki a madadin wani. Da ya dawo aka naɗa shi majalisar dattawa, kuma ko a can sai da suka lalubo wani kwamiti suka ba shi mataimakin shugabansa.

Na taɓa tambayarsa. Na ce, "Shodmon, wai kai duk faɗin duniyar nan ba a ƙera kujerar da ta yi maka daidai ba, sai wadda ke bayan wata?"

Ya yi ɗan murmushin nan nasa ya ce, "Apa, ai inuwa ma wuri ce."

Apa yake ce mini tun yana koyon magana, don ni ce yayarsa, shekara biyar na ba shi. Sunana Oshurmo. Ban taɓa kwana a babban birni ba, kuma ba na jin na yi asarar komai.

Komai nisan jifa dai ƙasa zai faɗo. Ya dawo mana da kaka, lokacin da muke kwashe busassun 'ya'yan itacen zardolu daga rufin ɗakuna, yana da shekara sittin da takwas, da akwati biyu da jabba mai auduga wadda ya saya a hanya don kada a ce ya zo da kwat. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu ƙasashen da ko sunansu ba na iya faɗa. A gidana ya sauka. Ni ma a wannan rani na binne mijina Niyozbek, wanda ya yi shekara ashirin da shida yana mirob, wato mai rabon ruwan ƙauye. Gida ya yi mini faɗi, na ji daɗin samun wanda zan yi wa faɗa.

Abin faɗa kuwa ban rasa ba. Washegari na ce ya zo mu je maƙabarta ya gai da iyayenmu. Muna tafe ina magana, ina magana, sai na ga ni kaɗai ce. Na waiga, ga shi nan rabin taku a bayana, ta hagu, hannuwa a haɗe a baya. Na rage tafiya, shi ma ya rage. Na tsaya, ya tsaya.

Na ce, "Kai, lafiya? Wari nake yi?"

Ya ce, "A'a, Apa. Wuce mana."

Haka yake da kowa. In aka zuba shayi ba zai kai bakinsa ba sai wani ya kurɓa. In aka tambaye shi ko za a yi ruwa gobe, sai ya ce masana suna ganin akwai yiwuwar haka. Ko saniyata, wallahi, in sun haɗu a ƙofar garka, sai ya ja baya ta fara wucewa. Ran nan na kama shi ya ɗan sunkuyar mata da kai. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga baya kuma na shiga madafa na yi kuka, don ba abin dariya ba ne a ce ɗan uwarka ya tsufa bai taɓa shiga ƙofa da farko ba.

Hunturu ya rufe hanyar mota. Shodmon ya samu wurinsa a bakin tagar da ke kallon dutse, ya zauna can wata huɗu. Daga tagar nan ana hango magudanar ruwanmu, siririn layi a jikin dutse, daga inda take ɗaukar ruwa a bakin kogi har inda take sakinsa a gonar ƙarshe. Kakannin kakanninmu suka sassaƙe ta da hannu. Da hantsi rana kan faɗo a kanta, layin ya yi ja na ɗan lokaci, sannan ya koma fari. Shi ke nan abin kallonsa. Wani lokaci sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa, yana kiran sunayen wuraren da magudanar ke bi, Bakin Kogi, Tut Uku, Kwanar Jaki, Siraɗi. In ya zo kan Siraɗi sai ya yi shiru.

Na san dalili. Siraɗi wuri ne da magudanar ke maƙale a jikin dutse tsaye, tsawon taku ɗari biyu. Faɗinta kamu ɗaya, katangarta ta waje ba ta wuce gwiwa ba, bayan katangar kuma babu komai sai iska da ƙarar kogi can ƙasa. Mahaifinmu Hudonazar magini ne, shi ke gyaran wannan katanga duk shekara. Ni a bayansa na fara ƙetare Siraɗi, ya goya ni, ina riƙe da wuyansa, ban kalli komai ba sai ƙeyarsa. Da na yi wayo, ni ke kai masa abincin rana, Shodmon yana biye da ni. Tsoron tsayi gare shi, tun yana ƙarami. Nakan ce masa, "Kama gefen rigata. Kada ka kalli ƙasa, kalli diddigena." Ya kama, mu ƙetare. Yana shekara tara aka zo ɗibar yara masu ƙoƙari zuwa makarantar kwana a kwari. Na ɗaure masa gurasa a ɗankwali, na zuba masa nasihohi irin na yayye, waɗanda ni kaina na manta su kafin ƙurar motar ta kwanta.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, mota ta farko da ta hawo ta zo da wasiƙa daga birni, mai tambari. An kafa wata hukuma ta kula da tsofaffin gine-gine, ana son Shodmon ya zama, to me kuke tsammani? Mataimakin shugaba. Za a turo mota ranar Asabar ta biyu bayan Nauruz, bikinmu na sabuwar shekara.

Na ce, "Ba za ka ba. Wa zai dafa maka? Za ka koma hawa na bakwai ka zauna kai kaɗai, ran da ka mutu sai wari ya sanar da maƙwabta."

Ya ninke takardar ya sa a aljihun jabba. Sai da na gama kwashe kwanukan shayi ya ce, "Apa, wa zai saki ruwan bana?"

"Dattawa ba su zaɓa ba tukuna. Me ya dame ka?"

"Ina so."

Na ɗauka ban ji daidai ba. A rayuwarsa ban taɓa jin ya haɗa kalmomin nan biyu ba.

Ya ce, "In sun ba ni, na zauna. In ba su ba ni ba, na bi motar. Ba zan iya zama a nan ina cin gurasarki ina kallon taga ba." Ya ɗago ya dube ni. "Shekara arba'in ina sa hannu a takarda, Apa. Ko sau ɗaya ban sa ba sai an rubuta 'a madadin' a sama da sunana. Ina so in ɗauki abu ɗaya da sunana kafin a kai ni wajen su Baba, ko da ruwan gonar albasa ne."

Dattawa suka zauna ranar Juma'a a ɗakin shayi. Mata ba sa shiga, amma taga tawa ce tun zamanin talabijin. Shugabansu Bobo Kalandar ne, ɗan shekara tamanin da wani abu, haƙori uku, harshe kamar aska. Da Shodmon ya faɗi bukatarsa, Bobo ya ajiye kwanon shayinsa a hankali.

Ya ce, "Na'ibi, ka yi haƙuri, ƙauyenmu ƙarami ne. Mirob ɗaya gare mu, ba shi da mataimaki. Da akwai, wallahi ko zaɓe ba za a yi ba."

Aka fashe da dariya. Shodmon ma ya yi, don ya saba dariya in manya sun yi.

Ya ce, "Bobo, mirob ɗin nake nema."

"Ikon Allah! To bayan wa za ka tsaya?"

Wani daga gefe ya ce ai mutumin nan ya riƙe ruwan ƙasa gaba ɗaya shekara tara. Bobo ya ce, "Ya riƙe jakar wanda ya riƙe ruwan, dai." Aka sake dariya. Na kasa haƙuri, na tura kaina ta taga na ce, "Bobo Kalandar, kai da ka yi shekara tamanin ba ka riƙe komai ba sai kwanon shayin mutane, a ba shi mana a gani!" Ya ce, "Oho, ashe shugabar tana waje." Sai da suka gaji da dariya sannan Bobo ya share ido ya yanke magana. Ya ce ilimi dai Shodmon yana da shi, kuma ba shi da gona a sama ko a ƙasa, ba zai fifita kowa ba. A bar ruwa ya yi hukunci, kamar kullum.

Ga yadda ruwa ke hukunci a Sangoba. Da kaka akan toshe bakin magudana da duwatsu da laka don kada ƙanƙara ta fasa ta. Ranar buɗewa, mirob ne zai tsaya a kan datsin da fartanya, ya yi rantsuwa da sunansa da na ubansa: "Ni wane ɗan wane na saki ruwan bana. Wanda ya sha, rabonsa ne. Wanda ya rasa, a wuyana." Sannan ya sare datsin, ya sauka cikin busasshiyar magudana, ya yi tafiya a gaban ruwa tun daga Bakin Kogi har gonar ƙarshe. Ba mutum, ba dabba, ba abin da zai shiga gaban mirob. In ruwa ya cim masa ya wuce ƙafarsa, to ruwa bai yarda da shi ba, sai a nemi wani. Ba abu ne mai wuya ba, don ruwan farko a hankali yake tafiya, yana tsayawa yana cika kowane rami. Gurgu ma zai iya, in dai bai tsaya ba.

Muka hau da sassafe ranar Laraba, saura kwana uku motar birni ta zo. Zardolu sun yi fure, duk gangaren ya yi fari, har ba ka bambance inda fure ya ƙare da inda sauran ƙanƙara ta fara. Iska na kaɗo furen yana sauka a kan huluna da gemuna. Mata mun ɗauko gurasa da man shanu da za a gutsura a Bakin Kogi. Na riƙa jin kamar na taɓa yin wannan safiya, da wannan sanyi, da wannan ƙamshin laka, sai dai mai fartanyar ne ya sake. Shodmon kuwa tun daga gida yana can ƙarshen ayari, sai da Bobo ya aika aka tuso shi gaba.

Ya hau kan datsin. Fartanyar Niyozbek ce a hannunsa, ni na ba shi. Ya gyara jabba, ya yi gyaran murya, ya dubi jama'a. Wallahi ya yi kyau, har na ji wani alfahari ya cika mini ƙirji. Ya buɗe baki, da murya irin ta rediyo, ya ce:

"A madadin..."

Sai ya tsaya.

Kogi kaɗai ke magana. Na ga idonsa ya zame zuwa dama, can gaba kaɗan, inda ya saba ganin kafaɗa. Babu kafaɗa, sai dutse da sama.

Bobo Kalandar ya ce, "A madadin wa, Na'ibi? Faɗi mana mu tafa masa."

Dariyar da aka yi har kwari sai da ya amsa. Ban ga laifinsu ba, amma da ina da dutse a hannu da na rage wa Bobo haƙori ɗaya. Kunnuwan Shodmon suka yi ja. Bai sake rantsuwar ba. Ya ɗaga fartanya ya sari datsin, sara ɗaya, biyu, uku, irin saran mai jin kunya. Laka ta tsage, ruwa ya leƙo. Ya diro cikin magudana ya kama tafiya da sauri, kansa a ƙasa, kamar wanda aka kora.

Wani ya ce ai rantsuwa ba ta cika ba. Bobo ya ce, "Bar shi. Akwai Siraɗi a gaba."

Jama'a suka biyo ta gefe, a bayan ruwa, kamar yadda aka saba. Ruwan farko abin kallo ne. Ba ya gudu. Yana tafe yana tura busassun ganye da furen zardolu a gabansa, har bakinsa ya yi farin gemu, ya tsaya ya shinshina rami, ya cika shi, ya wuce. Ƙasa na shan sa tana wani ɗan sauti, shuu, shuu. Muka wuce Tut Uku, muka wuce Kwanar Jaki. Shodmon ya yi nisa, sai jabbarsa muke hangowa tana ɓullowa tana ɓacewa.

Kafin Siraɗi gefen magudana yake ƙarewa, don haka jama'a kan sauka ta hanyar ƙasa su zagaya, su jira mirob a ɗaya ɓangaren. Suka sauka, suna ta maimaita "a madadin" suna dariya. Ni na ce gwiwata na ciwo, zan huta. Ƙarya nake yi. Suna ɓacewa na tattare riga na shiga cikin magudana, na wuce ruwa da sauri gwargwadon yadda mai shekara saba'in da uku za ta iya.

Na same shi inda na san zan same shi. Yana tsaye a bakin Siraɗi, hannu ɗaya a jikin dutse, fartanya a ɗayan. Ya ji takuna, bai waigo ba.

Ya ce, "Apa?"

"Ni ce."

"Na san za ki zo." Ya matsa jikin dutse, ya bar mini 'yar hanya ta dama. "Wuce gaba. Ba wanda zai gani. In mun kusa fita sai ki ja baya."

Allah shi ne shaidata, ƙafata ta ɗaga da kanta. Shekara sittin ta koma kamar jiya. Ga ƙanena yana tsoro, ga hanya na sani, mene ne abin tunani? Sai na tuna saniya a ƙofar garka. Na mai da ƙafar ƙasa.

Na ce, "Ba zan wuce ba."

"Apa, don Allah."

"Na ce ba zan wuce ba! Kai wane irin mutum ne? Wa ya yi maka wannan asiri, da ba ka iya taka ƙasa sai wani ya fara takawa? Shugaban ne? Ministan ne? Faɗa mini sunansa in tsine masa!"

Can ya ce, a hankali, ba da fushi ba, "Ke ce ai."

"Ni?"

"Ran da motar makaranta ta zo. Kin ɗaure mini gurasa a jan ɗankwalinki. Kika ce, 'Shodmonjon, can babu ni. Ka nemi wanda ya san hanya ka bi bayansa. Kada ka shiga gaba, na gaba shi ke faɗawa rami.' Ban taɓa saɓawa ba, Apa. Kuma kin yi gaskiya. Duk waɗanda na bi sun faɗa, wasu kurkuku, wasu gudun hijira, ni ban taɓa ko tuntuɓe ba."

Yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu ta faɗi maganar nan, don tana tsoron kada manyan yara su doke mata ƙane. Ta faɗa ta manta, ta je ta ɗebo ruwa. Shi kuma ya ɗauke ta ya kai ta har fadar shugaban ƙasa, ya ƙetare teku da ita, ya dawo mini da ita a nan ko ƙura ba ta yi ba. Baƙin ciki ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka fita da Niyozbek.

Sai na ji shuu, shuu a bayana. Na waiga. Farin gemun ruwa ya kewayo kwana, bai fi taku goma ba.

Na matso na tsaya a bayansa daidai, na cika magudanar. Allah ya yi ni da jiki, ranar na gode masa. Na miƙa hannu na kama gefen jabbarsa.

Na ce, "Na janye maganar. Ka ji? Na janye. Yanzu ni ce ban san hanya ba, idona ba ya gani sosai, gwiwata ta mutu. In ka tsaya, mu biyu za mu kwana a nan. Tafi."

"Ina zan kalla? Babu diddige."

"Kalli inda za ka, mana! Haka kowa ke yi."

Ruwa ya taɓa ni. Sanyinsa ya ratsa takalmina ya hau har haƙorana. Ya taru a bayan ƙafafuna, yana tura rigata, yana neman hanya. Na haɗe ƙafafu na danne rigar da su. Na ce a raina, kai ma yau sai ka koyi bin baya.

Shodmon ya ɗaga ƙafa. Ya sauke. Ya ɗaga ɗayar.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Ƙarar kogi ta yi nisa, kamar a wani gari ake yin ta. Iska na hawo da furen zardolu daga ƙasa, yana tashi sama maimakon ya faɗo, yana wuce mu ta dama. Ni ma fa tsoro nake ji, ban taɓa faɗa wa kowa ba, tun ina yarinya nake jin sa, ba ni dai da wanda zan kama ne. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a ƙeyarsa.

A nan na gane ban taɓa ganin ƙeyar ƙanena ba. Shekara sittin da takwas. Yana yaro yana bayana, da ya girma yana bayan wasu, kullum fuskarsa ce ke leƙowa. Ga ta yau a gabana, da zurfafan layuka biyu da suka gicciye juna, da ɗan gashin da ya karkace zuwa hagu a ƙasan hula. Ta Baba ce sak. Ita na kalla ranar da aka fara ƙetarewa da ni a goye. Na ji kamar in na ɗaga hannu zan kama wuyan nan, a ɗauke ni, in koma 'yar shekara huɗu. Hawaye suka hana ni gani, sai jabbar kawai nake bi.

Wajen tsakiya na ji yana magana. Ba muryar rediyo ba ce, wata 'yar murya ce mai rawa.

"Ni," ya ce. Ya yi taku ɗaya. "Ni Shodmon. Ɗan Hudonazar." Wani taku. "Na saki ruwan bana. Wanda ya sha, rabonsa ne."

Ya tsaya numfashi. Na ja jabbar. "Kada ka tsaya, ƙarasa!"

"Wanda ya rasa," ya ce, wannan karon da ƙarfi, har dutse ya mai da ita, "a wuyana!"

A wuyana, a wuyana, kwari ya riƙa maimaitawa. Jama'ar da ke jira a ɗaya ɓangaren duk sun ji.

Da muka fito ba wanda ke dariya. Bobo Kalandar yana zaune a kan dutse, ya dubi ƙafafun Shodmon, a bushe ƙayau. Ya dube ni, jiƙe sharkaf har gwiwa, fure ya manne a rigata, ina riƙe da jabbar mutum kamar makauniya.

Ya ce, "Oshurmo, wannan fa maguɗi ne."

Na ce, "An ce kada kowa ya shiga gabansa. Ka ga na shiga?"

Ya sosa gemu. Ya ce, "To, yau dai mun ga abin da ba mu taɓa gani ba. Mirob da na'ibarsa." Ya ɗaga sanda ya nuna gaba. "Mirob, me kake jira? Ruwa na zuwa, gonar ƙarshe tana can!"

Na saki jabbar na fito gefe. Shodmon ya ci gaba shi kaɗai, fartanya a kafaɗa, ruwa na biye da shi har gonar ƙarshe, inda aka shimfiɗa tabarmi aka ci shinkafa da naman rago. Aka zuba shayi. Na sa masa ido. Ya riƙe kwanon, ya dubi dama, ya dubi hagu, sannan ya kurɓa kafin kowa, ya ƙona harshe.

Da la'asar muka kamo hanyar gida mu biyu, ta babbar hanya inda keken jaki biyu ke wuce juna. Ya ciro wasiƙar birni daga aljihu ya ba ni, ya ce in kunna murhu da ita. Muna tafe kafaɗa da kafaɗa, sai na ji ya fara rage tafiya, hali zanen dutse. Ni ma na rage. Ya ƙara ragewa, na ƙara. Har muka tsaya cak a tsakiyar hanya, tsofaffi biyu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya wuce, ruwan bana na gudu a gefenmu.

Ya ce, "Apa."

Na ce, "Ko za mu kai magariba a nan."

Ya yi dariya, ya share ido da hannun jabba. Sannan ya gyara fartanyar a kafaɗa ya wuce gaba. Na ba shi rabin taku, na bi bayansa, ina kallon ƙeyar Baba har ƙofar gida.